Dorugu, Yaron Damagaram da Aka Rubuta Hausa Daga Bakinsa

Yau ga ka riƙe da littafi. Kana bin baƙaƙe da yatsa, kana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, magana tana fitowa. Maganar kuwa Hausa ce, wadda ka sha a nono. To, ko ka taɓa tambayar kanka yadda aka yi Hausa ta shiga wanga rubutu na boko?

Tun kafin zuwan Nasara malamanmu suna rubuta Hausa da ajami. Amma rubutun boko daban ne, daga baya ya zo. Mutane da yawa sun sa hannu a cikin aikinsa. Yau zan ba ka labarin ɗaya daga cikin na farkonsu. Ɗan talaka ne, kuma ɗan ƙasarmu ne. Sunansa Dorugu. Karanta sannu-sannu, ba gudu muke ba. In kalma ta yi maka wuya, ka sake bin ta.

Haihuwa da bauta

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840, a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Uban manomi ne, kuma makaɗi. Yaro ya tashi kamar yadda ɗiyanmu ke tashi a nan Birnin Lalle: gona da damina, kiwo, wasan dare a dandali.

Amma zamanin ba irin namu ba ne. Lokacin hari ne da kamun bayi. Ana kwana lafiya, a wayi gari mahaya sun kewaye ƙauye. Wanda aka kama, an raba shi da uwa da uba ke nan. A kai shi kasuwa, a duba haƙoransa, a yi cinikinsa kamar akuya.

Haka ta faru ga Dorugu. Shekarunsa ba su wuce 11 ko 12 ba aka kama shi. Aka kai shi birnin Damagaram. Daga nan aka yi gabas da shi, har Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Can ya faɗa hannun wani Balarabe.

Tsaya nan ka yi tunani kaɗan. Dubi ɗanka ko jikanka mai shekara 11. A ce yau an ɗauke shi an kai shi inda bai san kowa ba, inda ake wani harshe da ba ya ji. Mi zai rage gare shi? An karɓe ƴancinsa, an raba shi da danginsa da garinsu. Abu guda ne ba a iya karɓewa ba, shi ne harshen da ke bakinsa. Riƙe wagga magana, za mu komo kanta.

Yadda ya samu ƴanci

A shekara ta 1850 wasu Nasara uku suka taso daga Tarabulus, suka ratso hamada. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, su ga ƙasashen baƙar fata, su rubuta abin da suka gani. Shugabansu Baturen Ingila ne, ya rasu a hanya cikin 1851. Sauran biyun mutanen Jamus ne. Ɗaya sunansa Bart, amma a ƙasashenmu an san shi da Abdulkarim. Ɗayan sunansa Oberweg, ana ce masa Tabib, wato mai magani.

Tabib shi ne wanda ya zo da jirgin ruwa gunduwa-gunduwa bisa raƙuma, ya haɗa shi, ya shiga tafkin Cadi da shi. A Kukawa Dorugu ya fara yi masa aikin kula da raƙumi. Tabib ya ga yaron yana da hankali, ya biya kuɗi ya fanshe shi, ya ƴanta shi. Haka kuma ya ƴanta wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abega.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib. Ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin watan Satumba na 1852. Yaran nan biyu suka koma hannun Abdulkarim. Daga ranar, duk inda ya sa ƙafa suna tare da shi.

Tafiya Tumbutu

Cikin watan Nuwamba na 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Suka biyo ta Damagaram, suka sauka Katsina. Ka ga ke nan ta kudu da mu suka wuce. Daga Katsina sai Wurno, inda suka gaida Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Suka shiga Sakkwato, suka wuce Gwandu. Cikin watan Yuni na 1853 suka ƙetare kogin Kwara a garin Say. Ranar 7 ga Satumba na 1853 suka shiga Tumbutu.

Zaman Tumbutu bai yi daɗi ba. Akwai masu son a kashe baƙon Nasara ko a kore shi. Wani babban malami, Shehu Ahmadu Albakkayi, shi ya tsaya masa, ya ba shi mafaka da shi da yaransa. Sun fi wata bakwai a wannan hali kafin su samu hanyar fita. Suka biyo bakin kogi ta Gawo, suka komo Say, suka sake ratsa Sakkwato, suka isa Kano. Ƙarshen 1854 suna Kukawa.

Ka lissafa da kanka. Shekara biyu cur ana tafiya, wani wuri bisa raƙumi, wani wuri a ƙasa. Ga rana, ga ƙishirwa, ga ƴan fashi, ga zazzaɓi. Yaron nan yana ɗaukar kaya, yana kiwon dabbobi, yana hura wuta. Amma idonsa a buɗe yake, kunnensa kuma a buɗe. Sunan gari, irin abincin mutane, irin tufafinsu, duk yana ajiyewa a kai. A lokacin bai iya rubutu ba, kansa shi ne littafinsa.

Hamada da teku

Cikin watan Mayu na 1855 Abdulkarim ya kama hanyar gida, ya tafi da Dorugu da Abega. Suka bi ta Bilma, ƙasar gishiri da dabino, inda har yanzu ayarin raƙuma ke zuwa. Suka ratsa Murzuk, suka isa Tarabulus cikin watan Agusta. Nan Dorugu ya ga teku, ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Faransa, suka bi ta Paris. Cikin watan Satumba na 1855 suka isa Landan. Abdulkarim ya kuma kai su ƙasarsu Jamus, suka ga birnin Hambug inda aka haife shi.

Yaron da aka sayar a kasuwa, ga shi cikin jirgin ƙasa. Shekarunsa 15 ko 16. Ya ga sanyin da bai taɓa ji ba. Ya ga gidaje bisa gidaje. Ya ga yadda Turawa ke zama cin abinci, maza da mata wuri ɗaya, kowa da wuƙa da cokali mai yatsu. Su suna kallonsa suna mamaki, shi ma yana kallonsu yana mamaki. Daga baya ya ba da labarin duk wannan da Hausa. Turawa sun saba zuwa su rubuta yadda muke. Wanga karo Bahaushe ne ya je ya faɗi yadda suke.

Aikin da ya sa ba a manta da shi ba

A Ingila akwai wani mutumin Jamus mai suna Shon, malamin mishan ne. Ya taɓa shigowa kogin Kwara cikin 1841, ya fara koyon Hausa, har ya buga wani ɗan littafi na kalmomi a 1843. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa tsince-tsince ce, daga bakin bayin da aka ƴanta a bakin teku. Da ya ji ga yara biyu masu jin Hausa sun zo Ingila, sai ya neme su.

Abdulkarim ya so a mai da yaran gida. Shon ya so su zauna. Har saɓani ya shiga tsakanin mutanen biyu. A ƙarshe yaran suka zauna gidan Shon, aka yi musu baftisma cikin addinin Kirista. Abega ya komo Afirka a 1857, kuma daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu kuwa ya yi shekara takwas tare da Shon.

Mi suke yi duk wannan shekaru? Zama suke. Dorugu yana magana, Shon yana rubutawa. Shon ya tambaya, Dorugu ya amsa. In Shon ya faɗi kalma ba daidai ba, yaro ya gyara masa. Ka ga abin mamaki: dattijo mai ilimi shi ne almajiri, yaro tsohon bawa shi ne malami. Dorugu ya ba shi tatsuniyoyin da ya ji a dandalin Dambanas. Ya ba shi karin magana. Ya ba shi labarin rayuwarsa tun daga ƙauye har Landan. Shi ma a nan ya koyi karatu da rubutu, ya koyi Ingilishi.

Daga wannan zama littattafai suka fito. A 1862 Shon ya buga littafin nahawun Hausa, wato dokokin da harshe ke tafiya a kansu. A 1876 ya buga ƙamus, wato littafin da ke jera kalmomi da ma'anarsu. A 1885 ya buga wani littafi mai suna Magana Hausa. A cikinsa labarin Dorugu yake, da tatsuniyoyinsa. Yana cikin dogayen labarai na farko-farko da aka buga da Hausar boko. Hausar da ke ciki kuwa ta Damagaram ce, irin ta wancan zamani.

Bari in faɗa maka gaskiya guda. Sunan da ke bayan littattafan nan na Shon ne. Shi aka ba kyauta a Faransa, shi jami'a ta girmama a Ingila. Ya yi aiki ƙwarai, ba a hana masa ba. Amma rijiyar da ya ɗebo ruwa ita ce bakin Dorugu. Wanda ya riƙe alƙalami, sunansa ake fara gani. Wannan ma darasi ne gare mu.

Komowa gida

A 1864 Dorugu ya komo Afirka. Ya yi shekaru yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Da tsufa ya zo masa, ya zauna Kano. A 1909 wani Bature mai suna Fisha, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a unguwar Nasarawa. Dorugu ya koyar a wannan makaranta. Wanda ya koya wa Bature Hausa a Ingila, ga shi yana koya wa ɗiyan Hausawa rubuta harshensu.

Ya rasu a Kano a shekara ta 1912, yana da shekara 70 da ƴan kai. Bai bar sarauta ba, bai bar garke ba. Amma a 1971 wasu masana biyu suka juya labarinsa zuwa Ingilishi suka sake bugawa. Yau fiye da shekara 100 da rasuwarsa, ga mu a Birnin Lalle muna zancensa. Dubban yara aka kama tare da shi a wancan zamani. Ina labarinsu? Ya bi iska. Nasa ya tsaya domin an rubuta.

Harshe yana mutuwa?

Wataƙila ka ce: to malam, ko ba a rubuta ba, ai harshe ba ya zuwa ko'ina. Ba haka ba ne. Harshe yana mutuwa kamar yadda rijiya ke ƙafewa. Bari in ba ka misali biyu, ɗaya kusa, ɗaya nesa.

Na kusa shi ne Agadas. Cikin 1850, tun kafin ya haɗu da Dorugu, Abdulkarim ya shiga Agadas. Ya tarar mutanen birnin suna da harshen kansu, dangin Zabarmanci ne. Ya rubuta kalmominsa. Yau in ka je Agadas, Hausa za ka ji da harshen Abzinawa. Wancan harshe ya ɓace daga bakin mutane. Ɗan'uwansa ne kawai ya rage a garin Ingal. Abin da aka sani game da shi, galibi daga ɗan rubutun nan ne.

Na nesa kuwa yana can ƙetaren teku, a gabashin Kanada da wani yanki na Amurka. Akwai wasu mutane da ake kira Malisit. Su ne ƴan asalin wurin tun kafin Turawa su je. Su da kansu suna kiran kansu Wolastokiyik, wato mutanen kogi mai kyau, domin a bakin wani babban kogi suke zaune. Da can suna kamun kifi, suna farauta, suna noman masara, suna ƙera kwalekwale da ɓawon itace. Harshensu yana cikin wani babban gida na harsuna da ake kira Algonkiyan. Maƙwabtansu Pasamakodi harshe guda suke yi da su, sai ɗan bambanci, kamar Gobiranci da Kananci.

Da Turawa suka mamaye ƙasar, aka sa ɗiyansu makarantun da ake karatu da Ingilishi kaɗai. Yaron da ya yi harshen gida, a hore shi. Yaran nan suka girma da kunyar harshensu. Da suka haifi nasu ɗiya, ba su koya musu ba. Ka ga yadda abin ke tafiya: kaka tana ji tana yi, uwa tana ji ba ta yi, jika ba ya ji ba ya yi. Cikin zuriya uku an gama. Yau masu jin harshen sosai ƴan ɗaruruwa ne, kuma yawancinsu tsofaffi.

Amma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun 1890 wani masani ya ɗauki muryar dattawan Pasamakodi cikin na'ura, kuma muryoyin suna nan an adana. A 2008 aka buga babban ƙamus na harshen, mai kalmomi fiye da 18,000. Wani dattijo ɗan ƙabilar da wani malami suka yi shekaru suna tattara shi, kamar zaman Dorugu da Shon. Bambancin shi ne, wanga karo sunan dattijon yana bayan littafin. Yanzu jikoki suna buɗe ƙamus suna neman maganar kakanninsu.

Mu fa?

Hausa ba ta cikin wannan haɗari yau. Miliyoyin mutane ke yin ta. Ana jin ta a rediyo, ana buga littafi da ita. A 2025 hukumar Nijar ta ɗauke ta a matsayin harshen ƙasa. Mun gode Allah. Amma kar mu yi barci, domin abu biyu.

Na ɗaya, harshe ba ya mutuwa rana guda. Kalma-kalma yake zubewa. Garin nan namu tsoho ne, tarihin Gobirawa ya ce sarakunansu sun zauna nan bayan sun baro Abzin. Tsofaffinmu sun san sunan kowace ciyawa a daji, da wadda ke magani da wadda ke kashe dabba. Sun san sunan taurarin da ke nuna shigowar damina. Sun san kirarin gidaje da sunayen tsofaffin rijiyoyi. Tambayi saurayi mai shekara 20 ka ji nawa ya sani. Ni kaina na yi wannan sakaci. Kakata ta rasu da tatsuniyoyi cike da kai. Na iya rubutu a lokacin, ina da alƙalami a aljihu, kullum ina cewa sai gobe. Yau guda uku kawai nake iya tunawa, su ma rabi-rabi.

Na biyu, ba mu kaɗai ke zaune a ƙasar Dakwaro ba. Ga Fulani, ga Abzinawa, kowa da harshensa. A kasuwa duk Hausa muke yi, ba laifi. Amma ka tuna da Agadas. Babban harshe yana iya haɗiye ƙarami ba da niyya ba. In maƙwabcinka yana yi wa ɗansa Fulatanci, kar ka yi masa dariya. In kai ne mai wani harshe a gida, kar ka ji kunyarsa. Yi wa ɗiyanka shi. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu har uku, kansa ba ya fashewa. Dorugu ma da Hausa ya tashi, ya ƙara Ingilishi, bai yar da ta gida ba.

To ɗan'uwa, ka tuna abin da na ce ka riƙe. An karɓe wa Dorugu kome, sai harshensa. Da wannan abu guda ya yi aikin da sarakunan zamaninsa da yawa ba su yi ba. Shi sai da ya ƙetare hamada da teku kafin ya samu mai rubuta masa. Kai ba ka bukatar zuwa ko'ina. Ga tsoho nan a zaurenku, ga tsohuwa nan a ɗaki. Alƙalami kuma yanzu a hannunka yake. Rubutunka bai miƙe ba tukuna, na sani. Ba kome, a hankali zai miƙe. Da haka kowa ya fara.

Tambayoyi

1. A wane ƙauye aka haifi Dorugu, kuma a wace ƙasa?
2. Wa ya ƴanta shi daga bauta?
3. Faɗi garuruwa huɗu da ya bi a hanyar Tumbutu.
4. Wane aiki ya yi tare da Shon a Ingila?
5. Mi ya sa harshen Malisit ya yi rauni?

Aikin gida

Ka je wurin wani tsoho ko wata tsohuwa a gidanku. Ka roƙe su kalmomi biyar da yaran yanzu ba su sani ba. Ka rubuta kowace kalma da ma'anarta. A ƙasan takarda ka rubuta sunan wanda ya ba ka, sannan ka rubuta naka. Ka zo da ita aji, mu karanta tare.